Mai gadin salula: na gaskiya da na ƙarya

Yau salula ta shiga kowane gari da kowace ruga. Da ita manomi yake jin kuɗin hatsi a kasuwa, da ita ake karɓar saƙon kuɗi daga yaran da suka tafi ci-rani. To, inda dukiya take, ɓarawo yana kusa.

Salula babba, wadda ake shafawa da yatsa, tana kamuwa da cuta. Cutar nan ana ce mata birus. Wata manhaja ce, wato abin aiki irin na cikin salula, da mugayen mutane suka ƙera don satar kuɗi da sirri. Sau da yawa tana shiga lokacin da aka karɓi manhaja daga salular wani, ko aka latsa saƙon da ba a san mai shi ba. Maganinta shi ne antibirus, wato mai gadi.

Yawancin salulolin Android, irin su Tecno da Itel da Samsung, suna zuwa da mai gadinsu tun daga kamfani. Sunansa Play Protect. Kamfanin Google ya fito da shi a shekarar 2017, kuma kyauta ne. Aikinsa a ɓoye yake yi, kamar karen makiyayi da ke zagaya garke da dare. Yana binciken kowace manhaja da aka sa, har wadda ba daga Play Store ta fito ba. In ya ga mugu, sai ya yi gargaɗi, wani lokaci ya cire shi.

Akwai kuma wani suna da mutane ke gani cikin lissafin abubuwan da ke shan batir: Services Google Play. Wasu sukan tsorata su nemi kashe shi. Kuskure ne. Na gida ne, kuma in an kashe shi manhajoji da yawa za su daina aiki.

Ga yadda ake duba mai gadi na gaskiya. A buɗe Play Store. A latsa hoto ko baƙin da ke sama a hannun dama. A zaɓi Play Protect, a latsa Analyser. In lafiya lau, garkuwa koriya za ta fito.

Amma ɓarawo ma yakan sa rigar mai gadi. A shekarar 2014 an sayar da wata manhaja mai suna Virus Shield a kan kusan dalar Amurka 4. Mutane fiye da 10.000 suka saya, daga baya aka gane ba ta binciken kome. A shekarar 2019 masu bincike na AV-Comparatives, a ƙasar Ostiriya, sun gwada manhajoji 250 da ke kiran kansu antibirus. Guda 80 kaɗai suka iya kama fiye da kashi 30 cikin 100 na cututtukan da aka sa musu.

Mai gadin ƙarya yana da alamomi. Na farko, yana zuwa da kururuwa: mutum na cikin kallon intanet sai rubutu ja ya fito, wai salula ta kamu, a latsa nan da nan. Ƙarya ce, don shafin intanet ba ya iya binciken cikin salula. A rufe shi kawai. Na biyu, yana neman kuɗi kafin ya yi wai magani. Na uku, yana neman izinin karanta saƙonni, alhali ta saƙo ne lambobin kuɗi ke zuwa. Na huɗu, yana tambayar lambar sirri. Mai gadi na gaskiya ba ya tambayar wannan lamba. Wanda ya ba da ita ya ba kura ajiyar nama.

Wanda ya ga irin wannan a salularsa, ya shiga Paramètres, ya shiga Applications, ya nemi sunan, ya latsa Désinstaller. In ta ƙi fita, ya kai wa mai gyara amintacce, ya tsaya a yi aikin a gabansa. Bayan haka ya canza lambar sirri ta kuɗinsa. Haka kuma in an kai salula wurin mai caji ko mai sa waƙoƙi, a ce masa kada ya ƙara wata manhaja sai da izini.

Sunayen nan da Faransanci suke, amma baƙaƙen su ne waɗanda ake koya a ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya kwafe su a littafinsa. Wanda ya kasa, ya kai wa malamin aji su duba tare. Rigakafi ya fi magani.