Baƙo Mai Adda a Tsibiran Galapagos

Maganar da na kawo muku a wannan fitowa ta wani wuri ce mai nisan gaske, watau tsibiran Galapagos. Suna cikin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 1,000 yamma da ƙasar Ikwado ta Amurka ta Kudu, wadda ta mallake su tun 1832. Duk wanda ya kai aji huɗu ya ji sunansu a darasin kimiyyar halittu, don can ne Charles Darwin ya yi mako biyar a 1835 yana duban tsuntsaye da dabbobi. Amma ni ba Darwin ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne, wane irin baƙo ya kamata a buɗe wa ƙofar wannan wuri a yau?

Bari in fara da masu gida, watau kunkuraye. Sunan tsibiran ma daga gare su ya fito, domin a tsohon harshen Sifaniyanci "galapago" kunkuru ne. Kada ku ɗauka irin namu ne da yaro kan tsinta a bakin rafi ya sa a aljihu. Babban namiji yakan kai kilo 250, wani ma ya wuce, kuma shekara 100 ba tsufa ba ne a wurinsu. Suna iya yin wata da watanni ba ci ba sha, kuma wannan baiwa ce ta jawo musu masifa. Matuƙan jiragen ruwa na ƙarni na 18 da na 19, masu farautar manyan dabbobin teku, sukan loda su da rai a cikin jirgi, a kife su, a riƙa yankawa ɗaya bayan ɗaya, tun da a lokacin babu firiji. Aka kwashe fiye da 100,000 ta wannan hanya. Hausawa sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. To, waɗannan ko gudu ba su iya ba. Bayan haka awakin da mutane suka saki suka cinye musu ciyawa, ɓeraye da aladu suka bi ƙwai. Na ƙarshe daga jinsin tsibirin Pinta, wanda aka laƙaba wa suna Lonesome George, ya mutu a watan Yuni na 2012 bai bar baya ba. Na tsibirin Española kuwa sun ragu har saura 15, aka tsare su ana kiwonsu shekara da shekaru har suka haifi kimanin 2,000, kana aka mayar da tsofaffin gida a 2020.

To, ta hanya biyu ake ziyartar wurin nan. Mai hali yakan shiga jirgin ruwan shaƙatawa, ya kwana a ciki, ya ci a ciki, a riƙa sauke shi nan da can ya ɗauki hoto, bayan mako guda ya koma ƙasarsu. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa yakan sauka a gari, kamar Puerto Ayora na tsibirin Santa Cruz, ya kama ɗaki mai araha, ya ci abinci inda 'yan gari ke ci, ya bi kwalekwale mai inji zuwa San Cristóbal ko Isabela, tafiyar kamar awa biyu. A cikin waɗannan akwai wasu da sukan hau tudu su sauka a gona, su yi wa manomi aikin 'yan sa'o'i kowace rana, shi kuma ya ba su makwanci, wani wurin har da abinci. Su ne nake so in yi magana a kansu.

A ranar 1 ga Agusta 2024 hukuma ta ninka kuɗin shiga ga babban mutum ɗan ƙasar waje, daga dala 100 zuwa dala 200. Ban ga laifinta ƙwarai ba. Tun 1998 ba a taɓa kuɗin ba, baƙi kuwa sun kai wajen 330,000 a 2023, alhali mazauna wurin ba su cika 30,000 ba. Sai dai ni a ganina kuɗi ba ya tantance baƙo. Attajirin jirgin ruwa ba zai ko ji a jikinsa ba. Wanda zai ji shi ne saurayin da ya tara kuɗin jirgi da ƙyar yana niyyar ya yi wata guda da adda a hannu, kuma shi ne baƙon da tsibiran suka fi bukata.

Ga dalilina. Tun 1959 aka keɓe kashi 97 cikin ɗari na ƙasar ya zama gandun da ba a noma ba a gini. Kashi 3 da ya rage shi ne garuruwa da gonaki, kuma gonakin suna kan tudu inda ake samun yayyafi da hazo. Ana noman kofi da ayaba da rake da abarba, ana kiwon shanu. Da harkar baƙi ta buɗe, mutane da yawa suka ajiye noma suka gangara gari, wani ya zama direba, wani ya buɗe masauki. Gonar da aka bari kuwa ba ta zama haka nan. Akwai wata ƙaya mai 'ya'ya da mutanen can ke kira mora, wadda aka shigo da ita a wajajen 1968 don a riƙa shan 'ya'yanta. Ta sami ƙasa mai daɗi ta bazu, ita da gwaiba, ta yi sarƙaƙiyar da ko kare ba ya ratsawa. Daga gonakin da aka yi watsi da su take tsallakawa cikin gandu, ta shaƙe itatuwan asali na wurin. Tsuntsaye na ɗaukar irinta, irin kuma yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba, don haka in ka sare bana sai ka dawo baɗi. Duk wanda ya taɓa fama da ƙirikiri a gonar makaranta ya san irin wannan yaƙi. Hannu yake so, hannu mai yawa, manomi kuma ba shi da kuɗin ɗaukar 'yan ƙwadago a wurin da komai ke da tsada.

Kunkurun kansa yana da ruwa da tsaki a wannan magana. A Santa Cruz manyansu sukan hau tudu lokacin sanyi da fari, su gangaro in ruwa ya sauka, wasu tafiyar kilomita 10, kuma hanyarsu ta cikin gonakin mutane ta bi. Sarƙaƙiyar mora takan tare su. Shingen waya ma yakan tare su in ba a ɗaga silin ƙasa ba. Ashe baƙon da ya yini yana saran ƙaya ko gyaran shinge ya buɗe wa kunkuru hanya, ko da bai san ya yi ba. Sannan duk kwandon tumatir da aka noma a tsibirin ya rage wanda za a ɗauko daga babban yankin ƙasar a jirgin kaya, kuma a cikin irin wannan kaya ne tururuwa da ƙwari da irin ciyayi ke ɓuya su shigo.

Kada a ce wahala kawai ya sha. A nan kan tudun ne kogunan dutse suke, wasu ma a cikin gonakin mutane. Yadda suka samu abin mamaki ne: in dutse ya yi aman wuta, narkakken dutsen yakan malalo kamar kogi, samansa ya huce ya daskare, na ciki ya ci gaba da gudu har ya tsiyaye, sai ya bar rami dogo kamar an haƙa wa jirgin ƙasa. Wasu sun fi kilomita guda, a wani wurin mutum ya miƙe tsaye, a wani sai da rarrafe. Wutar ma ba ta mutu ba a yammacin tsibiran, don dutsen Sierra Negra ya yi amai a 2018, na Wolf a 2022. Mai jirgin ruwa rabin awa ake ba shi a bakin kogo. Mai aikin gona kuwa in ya tashi aiki da yamma sai ya taka da ƙafa, ya wuce kunkuraye kwance cikin taɓo a hanya.

Na san akwai masu ja da ni, kuma suna da abin faɗa. Za su ce yawan jiragen shaƙatawa an ƙayyade shi, baƙin da ke sauka a gari su ne suka yi ta ƙaruwa har suka zama mafi yawa, su ke ƙara shara da shan ruwa a wurin da ruwan sha ke wuya. Gaskiya ne. Amma mai kwana huɗu a masauki daban, mai wata guda a gona daban, bai kamata a zuba su a kwano ɗaya ba. Za su kuma ce mai aikin kyauta yana ƙwace wa ɗan gari abinci. Wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin dokar musamman ta tsibiran ta fifita mazauna wurin wajen ɗaukar aiki. In manomi zai kori ɗan ƙwadagonsa don ya sami Baturen da ba a biya, to an yi ɓarna. Haka kuma akwai 'yan tsakiya da kan karɓi kuɗi masu yawa da sunan aikin sa kai, baƙo ya shuka itace biyu, a ɗauke shi hoto, shi ke nan. Wannan yawon buɗe ido ne ya sa rigar noma.

Don haka ga shawarata, ko da yake na san ba a tambayi ɗan aji biyar ba. Hukumar gandun ta rubuta sunayen gonakin da ta yarda da su, ta kuma faɗi irin aikin da baƙo zai yi: saran mora da gwaiba, dashen itatuwan asali, gyaran shinge, watau aikin da dama ba wanda ake biya ya yi shi. A duba takalmansa da kayansa tun a filin jirgi kamar yadda ake yi wa kowa, a kuma koya masa dokar nan ta barin mita 2 tsakaninsa da dabba, don kunkuru ba jaki ba ne balle a hau. In ya cika kwana 30, manomi da jami'in gandu suka sa hannu, a mayar masa da rabin kuɗinsa a filin jirgin Baltra ranar da zai tashi. Wanda ya gudu a kwana na uku saboda bororo a tafin hannu, a riƙe dala 200 ɗinsa.