Kuɗin Riƙon Daftarin Sunaye na Intanet

Fatake da dillalan da ke cinikin tumatir a Kwanar Gafan, da masu shinkafa a Kura, sun fara yankar suna a intanet, watau adireshin da mai saye daga Ikko ko Fatakwal zai buga ya iske su. Waɗansunsu kuwa suna gunaguni, wai don me za a riƙa karɓar kuɗi kowace shekara a kan suna guda, alhali an riga an rubuta shi. Gunagunin nan ba shi da hujja.

Sunayen duka a cikin daftari suke, kowane daftari kuma da mai riƙonsa. Na ƙasar nan, watau sunayen da ke ƙarewa da .ng, yana hannun ƙungiyar NiRA da ke Ikko, wadda aka kafa a 2005. Tsakaninta da jama'a akwai dillalai yardaddu, su ke karɓar kuɗin, su ci la'adarsu, su miƙa saura.

Wanda ke son ƙiyasta abin da riƙon irin wannan daftari ke ci, ya dubi magudanan Kadawa. An gama madatsar Tiga a 1974, aka ja ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ginin ya ci dukiya, amma sau ɗaya. Abin da ba ya ƙarewa shi ne yashe, da cire kacala, da gyaran ƙofofin ruwa. Da aka yi sakaci da su, sai manomin da ke can ƙarshen magudana ya wayi gari ruwa ba ya isowa gare shi, har ta kai ga cin bashin Bankin Duniya a 2014 domin gyara.

Haka lamarin daftari yake. Sayen kwamfuta shi ne mafi sauƙi cikin lissafin, rubuta suna guda kuwa bai kai ɗigon tawada ba. Nauyin yana ga tsaro. Ana tambayar daftarin dare da rana daga kowace kusurwa ta duniya, in ya daɗe bai amsa ba, wasiƙu su tsaya, shaguna su ɓace ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka tilas a ajiye shi a wurare da dama nesa da juna, kowane wuri da lantarkinsa, da injin ko-ta-kwana, da man da injin zai sha. Malamai sun fi kowa sanin abin da gara da gobara ke yi wa littafin da ba a juya shi ba. Sa'an nan ga albashin masanan da ke gadi kada ɓarawo ya kutsa ya sauya mai suna, ga masu raba gardama in mutum biyu sun yi jayayya kan suna ɗaya.

Galibin kuɗin nan ba ya motsi, ko sunaye 1,000 ne ko 100,000. Hukumar ICANN ta Amurka ta sa wa masu neman buɗe sabon daftari dala 185,000 a 2012, bayan haka dala 25,000 kowace shekara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wannan bai hau kan daftarorin ƙasashe irin .ng ba, amma ya nuna yadda lissafin yake: a tara kuɗin shekara, a raba shi bisa yawan sunaye. In masu suna sun yi kaɗan, rabon kowa ya yi nauyi, kamar gayyar yashe da mutum uku suka fito.

Har wa yau mai ƙiyasi ya raba shafinsa biyu, na naira da na dala. Kamfanin Verisign ya kai kuɗin sunan .com dala 10.26 a 2024. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Ɗan kasuwar da ya yanki .com ya ga kuɗin sabuntawa ya ninka fiye da sau uku, alhali kwandon tumatirinsa da naira yake sayarwa. Wanda masu sayensa ke cikin ƙasar nan, .ng ya fi dacewa da shi, kuma shigarsa na rage wa sauran nauyi.

Amma fa NiRA ita ma da nata. Ya kamata ta riƙa baje lissafinta na shekara da Hausa, nawa lantarki ya ci, nawa albashi, nawa aka biya da dala, yadda mai biya a Garun Malam zai iya karantawa da kansa kafin ranar sabuntawa ta zo.