Raba Gardama: Kujerar Da Aka Koyo Daga Keke

 Cikin takardun da suka iso mana makon nan akwai ta wani kafinta, wanda ya roƙa kada a ambaci sunansa. Ya ce gardama ce ta haɗa shi da maƙwabcinsa mai walda. Mai walda ya ce kujerun ƙarfen nan masu ƙyalli da a ke gani ofis-ofis da asibitoci, asalinsu daga keke aka koyo su. Shi kuwa kafinta ya ce wannan tatsuniya ce, ina ruwan biri da gada, me ya gama abin hawa da abin zama? Har sun sa goro a tsakani, suka ce mu raba.

To, malam kafinta, sai ka yi haƙuri ka sayo goro, gama maƙwabcinka ya fi ka gaskiya. Amma kada ranka ya ɓaci tukuna, don wanda ya fara wannan aiki ba maƙeri ba ne, kafinta ne ɗan'uwanka.

Ga yadda abin ya ke. A ƙasar Jamus an yi wata makarantar sana'a da zane da a ke kira Bauhaus. Wani magini, Walter Gropius, ya kafa ta a garin Weimar cikin 1919, sa'an nan cikin 1925 ta tashi ta koma garin Dessau. Cikin almajiranta akwai wani saurayi mutumin Hangare, sunansa Marcel Breuer, an haife shi 1902. Ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen aikin katako, har da makarantar ta koma Dessau aka ɗora shi bisa ɗakin kafintoci, yana da shekara 23 kaɗai. Can ne ya sayi keke ƙirar Adler, yana yawo da shi cikin gari. Yana cikin hawa sai hankalinsa ya tsaya ga kan keken, watau ƙarfen nan da mahayi ke riƙewa. Ya ga bututu ne, cikinsa fanko, ba nauyi, an lanƙwasa shi gida biyu bai karye ba, bai kuma lotse ba, ga shi kuwa ƙaton mutum ya kan jingina nauyinsa a kai kan hanya mai gargada. Sai ya ce a ransa, abin da ya ɗauki mutum yana gudu, ai ba ya kasa ɗaukarsa yana zaune.

A nan sai mu ɗan tsaya, don asirin abin yana cikin bututun. Da can, in za a yi bututu sai a naɗe fallen ƙarfe a like bakinsa, ya zama yana da ɗinki tun daga sama har ƙasa. In ka lanƙwasa irin wannan, wurin ɗinkin ne ke fara cin amanarka. Sai waɗansu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Reinhard da Max Mannesmann, suka gano dabarar huda curin ƙarfe mai zafi ya fito bututu ba ɗinki ko kaɗan, wajen 1885. Masu ƙera keke suka rungumi wannan bututu tun da wuri. Kafintoci kuwa shekara arba'in suna ganinsa yana wuce su bisa titi, ba wanda ya ce ya shafe shi.

Breuer ya nemi kamfanin Adler su haɗa hannu da shi, suka ƙi, su dai keke su ke yi, ba kujera ba. Bai fasa ba. Ya samo bututu, ya nemi wani ma'aikacin ƙarfe ya taimake shi, don shi hannunsa bai saba da wuta ba, suka yi ta gwaji. Kujerar da ta fito aka sa mata lamba B3. Wanda ya san babbar kujerar nan ta Turawa mai hannuwa, wadda a ke cusa wa auduga da gashin doki har mutum biyu su sha wuya kafin su ɗaga ta, to, ita ce Breuer ya tuɓe wa riga ya bar ƙashi. Firam na bututu mai ƙyalli, sa'an nan ɗamarori na ƙyalle mai ƙarfi an ja su tamau, ɗaya wurin zama, ɗaya wurin jingina, biyu wurin ɗora hannu. Jikin mai zama ba ya taɓa ƙarfe. Ta farko da walda aka haɗa ta, daga baya ya koma ɗaure gaɓoɓinta da noti, yadda a ke ɗaure keke, don a iya kwance ta a aika wani gari, in wani yanki ya lalace a sauya shi kaɗai.

Ku lura da kyau, jama'a. Ko ka zagaya kujerar nan sau goma ba ka ganin wili, ko sarƙa, ko feda. Ba ta yi kama da keke ba ko kusa. Abin da Breuer ya ɗauko shi ne hankalin maƙerin keke: a rage nauyi, a bar ƙarfe ya nuna kansa, a yi gaɓoɓi masu awo ɗaya waɗanda inji zai fitar dubu ba bambanci. A ganina wannan shi ya sa aikinsa ya daɗe. Akwai waɗanda suka bi ta ɗaya hanyar. Cikin 1957 waɗansu 'yan'uwa biyu mutanen Italiya, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, suka ɗauki sirdin keke na tsere suka kafa bisa sanda, gindinta kamar rabin ƙwarya na ƙarfe mai nauyi, don mai magana a tarho ya ɗan ɗosana. Sunanta Sella. Abin dariya ne mai daɗin kallo, ban hana ba, amma wa zai ba baƙonsa sirdi ya zauna a yi hira?

Da aka buɗe ƙofa sai kowa ya shigo. Wani magini mutumin Holan, Mart Stam, cikin 1926 ya harhaɗa bututun gas ya yi kujera wadda ba ta da ƙafafun baya. Bututun ya sauko daga majingina, ya bi wurin zama, ya gangara ta gaba, sa'an nan ya kwanta ƙasa ya koma baya. Wanda bai saba ba tsoron zama ya ke yi. Aka nuna ta a Stuttgart cikin 1927, tare da ta Mies van der Rohe, wanda ya zagaye gaban tasa har ta riƙa lilo kaɗan in an zauna. Cikin 1928 Breuer ya fito da tasa, B32, ya sa mata mazauni na itace da saƙar kara. Daga nan sai rigima ta tashi kan wane ne mai ita, aka yi ta shari'a, har cikin 1932 babbar kotun Jamus ta ba Stam gaskiya. Shi kuwa ma'aikacin da ya riƙe wuta ya lanƙwasa ƙarfe, ba a ko kira shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Nufin Breuer da malaman Bauhaus shi ne a yi kaya masu araha, na ma'aikaci da ɗan ɗakinsa. Wannan fa tun da fari bai samu ba. Kujerar ƙarfe ta fi ta itace tsada, masu hali da 'yan boko su suka saye ta. Gaskiya ma dai kafintoci sun riga su wannan fage. Michael Thonet na birnin Biyana ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 tun 1859, itace ne a ke turarawa da tururi a lanƙwasa, gunduwa shida da 'yan kusoshi, a kwance a zuba 36 cikin akwati guda. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50. Kamfanin nan na Thonet shi ne kuma ya karɓi yin kujerun ƙarfen Breuer cikin 1929.

'Yan Nazi suka matsa wa Bauhaus har ta rufe cikin 1933. Breuer ya tafi Ingila 1935, ya wuce Amurka 1937, ya koma gine-gine, har yana cikin waɗanda suka zana hedkwatar UNESCO a Faris. Ya rasu 1981. Kujerarsa ta fari kuwa, wani mai kamfani a Italiya, Dino Gavina, ya farfaɗo da ita bayan 1960, ya raɗa mata suna Wassily, don tunawa da mai zane Wassily Kandinsky, abokin aikin Breuer a Dessau, wanda ya yaba ta tun tana sabuwa har aka yi masa guda. Cikin 1968 kamfanin Knoll na Amurka ya saye na Gavina. Yanzu da fata a kan yi ɗamarorinta, ta asali kuwa kuɗinta ya ninka na keken talaka sau da yawa. Kai, duniya! Arahar da aka yi alkawari sai ta ɓullo ta wata kafa, ta hannun masu kwaikwayo marasa suna, waɗanda suka cika makarantu da ɗakunan jira da kujerun bututu.

Saboda haka, malam kafinta, in ka kai goron nan, ka ɗauki kujerar ƙarfe guda ku duba gwiwarta tare. In lanƙwasar ta tafi sumul kamar ta kan keke, an yi aiki. In ta tattare ko ta lotse, ka tambaye shi ko ya manta ya ɗura wa bututun yashi kafin ya lanƙwasa. Sa'an nan ka ce ya raba goron biyu ya ba ka rabi, na Breuer.

Mai wata gardama ya aiko.