Kama Da Wane Ba Ta Wane

Duk wanda ya zaga wajen masu gyaran rediyo a babbar kasuwar Gombe ko unguwar Jekadafari, ba zai rasa ganin tsofaffin na'urorin sauraro na tafi-da-gidanka jibge cikin kwali ba, an ce wai sun mutu. Alhali kuwa da yawansu suma suka yi, sai gaggawar mai gyara ta ƙarasa su.

Na'urorin nan iri biyu ne. Akwai masu cin kaset, irin Walkman da kamfanin Sony na Japan ya fito da ita a 1979, sa'an nan akwai masu ƙwaƙwalwa, irin iPod ta kamfanin Apple wadda ta fito a 2001, aka daina ƙera ta a 2022, tare da ƙananan MP3 na ƙasar Sin.

Ciwon mai kaset duk na jiki ne. Idan murya tana jan ƙafa, ko dai batir ya yi sanyi, ko zafi ya saki robar da ke juya kaset. Idan muryar ta dushe, ƙurar hunturu ce ta hau kan da ke karanta zaren, auduga da ɗan sifirit sun wadatar. In kuwa tana cin kaset, a duba 'yar tayar robar da ke matse zaren, watakila ta yi datti ko ta ƙandare.

Masu ƙwaƙwalwa su ne ke da wuyar sha'ani, domin ban da jiki suna da manhajar ciki, watau umarnin da kamfani ya dasa don na'ura ta san aikinta. Sau da yawa MP3 biyu sukan zo da riga ɗaya da suna ɗaya, amma kayan cikinsu daban, manhajarsu daban. Idan mai gyara ya ɗauko ta wannan ya ɗura wa waccan, abin da suke kira filashin, sai na'ura ta ɗauke wuta ɗungurungum. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka, kafin a taɓa manhaja sai a fara da jiki. A gwada wata wayar caji da wani abin sawa a kunne, a share ramukansu. A duba batir, in ya kumbura a cire shi nan take, don yana iya kama wuta. Haka kuma idan na'ura ta ƙi karanta katin memori, ba lalle ta lalace ba ne: tsofaffi da yawa ba su san katin da ya wuce 32GB ba, waɗansu ma 2GB, kuma tsarin FAT32 kaɗai suke ganewa.

Babbar hasara dai ba ta na'urar ba ce. A cikinta akwai tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da muryoyin iyaye waɗanda babu su a ko'ina. Mayar da iPod sabuwa ta kwamfuta yana share duk abin da ke cikinta. Don haka wajibi ne mai kaya ya sa a kwafe masa kome tukuna, mai gyara kuma ya ji tsoron Allah, ya faɗi gaskiya in abin ya fi ƙarfinsa. Na'ura ana sayen wata, amma muryar mamaci ba a sake ɗaukarta.