Rumbun bayanai ba makulli: sunayenmu na hannun wa?

Jama'a masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna Kano, Abijan da Aljeriya, yau batunmu rumbu ne, amma na cikin kwamfuta. Sannu a hankali rajistar haihuwa, jerin masu karɓar tallafi da lissafin asusun ajiya suna barin takarda suna komawa na'ura. A ciki akwai sunanka, sunan mahaifiyarka, ƙauyenku da lambar wayarka.

Kowane rumbun bayanai yana da ƙofofi, wato asusun da ma'aikata ke shiga da shi, makullin kuwa kalmar sirri ce. Babbar ƙofa ita ce ta mai kula: a manhajar SQL Server sunanta "sa", a MySQL "root". Shekarun baya ana iya girka su babu kalmar sirri ko kaɗan, kuma har gobe wasu na sa 123456 su yi gaba.

An ga sakamakon. A Janairun 2017 ɓarayin intanet sun bi rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, suka share dubbai, suka nemi kuɗin fansa. A Satumban 2019 aka gano bayanan mutum kusan miliyan 20 na ƙasar Ekwado, har da yara da mamata, a na'urar wani kamfani babu kariya. Ba ɓalle ƙofa aka yi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Binciken kansa ba tsada. Mai kula zai fitar da jerin asusun duka, ya gwada kowane: yana buɗewa ba kalma? Kalmar ita ce sunan asusun? Tana cikin waɗanda kowa ke sawa? Wanda ya faɗi a canza masa nan take. Asusun ma'aikacin da aka yi wa canjin wuri a rufe, kuma kowa da nasa, don in abu ya ɓace a san wa ya shiga.

Me ya shafi manomi? Ɗan damfarar da ya san sunan tsohuwarka da ƙauyenku zai kira ɗanka a Abijan ya ce tana kwance a likita, a turo kuɗi maza.

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai, ga dokar laifukan intanet ta 2019. Amma doka ba ta rufe ƙofa, mutum ke rufewa. A ganinmu, shugabannin ƙungiyoyin manoma su riƙa tambayar hukumomin gari da masu asusu: yaushe aka duba makullan nan, kuma wa ya duba? Mu kuma, in an kira da labarin rashin lafiya, mu nemi gida da lambar da muka sani kafin jika ɗaya ta fita.