Kafin 'yan gwangwan su riga mu

Makon jiya na tsaya a Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, na shiga wani shagon buga takardu. A ƙarƙashin tebur na hango wata tsohuwar kwamfuta Pentium, ƙura ta rufe ta. Mai shagon ya ce 'yan gwangwan yake jira su zo su auna ta.

Na roƙe shi ya buɗe mini cikinta. Fankar ciki ba tata ba ce, wata babba ce aka ɗaure da waya saboda zafin garin. A kan madannan rubutu kuma an manna 'yan takardu masu ƙ da ɗ da ɓ, domin a wancan zamani sai ka loda haruffa na musamman, irin Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, kafin ƙugiya ta fito.

Lokacin da nake zaune a Ingila na taɓa ziyartar gidan tarihin kwamfuta na Bletchley Park. Tsofaffin na'urori suna da su jibge, wasu ma har yanzu suna aiki. Amma ba su da wannan fankar da waɗannan takardun. A ganina, mai karatu, tarihinmu yana cikin gyare-gyaren da muka yi wa na'urar ne. Wanda ya cire su da sunan tsabtacewa ya goge shaidar yadda muka sa ta rubuta Hausa.

Don haka duk wadda aka samu, a ba ta lamba, a ɗauki hotonta kafin a taɓa ta. A rubuta kamfani da shekara, inda ta yi aiki, me aka canza, da dalili. A kwafe abin da ke cikinta da izinin mai ita. Zinox ta 2001 da 'yan korayen XO da aka raba wa yaran firamaren Galadima a Abuja a 2007 duk sun cancanci shiga. Gidan Makama ko Arewa House za su iya ware ɗaki guda.

Na san wani zai ce ana fama da abinci, wa ke ta tsohon ƙarfe? Gaskiya ne, amma somin aikin littafi ne da biro kawai.

Ni dai na biya mai shagon abin da 'yan gwangwan za su ba shi, na ɗauko ta. Ita ce lamba 1 a littafina. In akwai irinta a ɗakin ajiyarku, don Allah a sanar da ni kafin a kai ta sikeli.

Allah ya sa mu dace.