Tsohon da Ya Rage 'Ya'yan Dara

Jama'a, da na je hutu Bangi sai na tarar tsohon da ya koya mini dara ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Kun san dara gurbi 30 gare ta, kowa da 'ya'ya 12. Amma in yaro ko baƙo ya zauna, sai tsohon nan ya rage nasa su koma tara, har mai koyo ya iya jera uku ya ci. Waɗansu suka ce ya ɓata wasa. Ni kuwa na ce raya shi ya yi, gama yaran da ya jawo su ne ke darar yau.

Ko a Amurka ba a raina wanda ya ƙaunaci wasa. A 2011 kamfanin Bethesda ya sa wa wani jarumi cikin wasan kwamfuta Skyrim sunan wani saurayi mai son wasanninsu, wanda ya rasu a shekarar.

To, mu fa? Gobe za mu tsaya gaban yaran da ba su iya ba. Malamin da ya ƙi sassautawa, ya ci wasa, ya rasa ɗalibi. Mu tuna da tsohon nan cikin aji.